Hoton ƙwaƙwalwa zai iya nuna wanda zai sake zubar da jini?

A watan Fabrairun 2021, Auwal Daudawa, mutumin da ya jagoranci sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina, ya bayyana a gidan gwamnatin Zamfara da ke Gusau. Ya miƙa bindigogi, ya rantse da Alƙur'ani cewa ya bar ta'asa. Ba a cika wata uku ba ya koma daji, kuma a ƙarshen Afrilu aka samu labarin wani gungun 'yan bindiga da ba sa ga maciji da juna sun harbe shi.

Tun daga lokacin, duk sanda aka ce wani ya tuba, tambaya ɗaya ce ke fitowa daga bakin jama'a: wa ya tabbatar ba zai koma ba?

An yi wannan tambaya a Kano a 2023, lokacin da rundunar 'yan sanda ƙarƙashin kwamishina Muhammad Usaini Gumel ta karɓi tuban 'yan daba sama da 200, aka kuma ɗauki 50 daga cikinsu aikin 'yan sandan sarauniya. Ana yin ta game da sansanin Malam Sidi na jihar Gombe, inda shirin Operation Safe Corridor ke sauya tunanin tsofaffin 'yan Boko Haram tun 2016. Ana yin ta a Goudoumaria ta jihar Diffa a Nijar, inda aka sallami rukunin farko na tubabbu sama da 100 a Disambar 2019.

Haka kuma ana yin ta a wuraren da 'yan jarida ba sa zuwa. A gari irin Tchake, a yankin Mayahi da Tasawa na jihar Maradi, idan matashi ya sari wani da adda ya yi zaman gidan kaso ya dawo, mai gari da liman da iyayensa su ne za su zauna da wannan tambayar, domin rijiya ɗaya da kasuwa ɗaya zai ci gaba da amfani da su tare da dangin wanda ya sara.

Shekara kusan 30 ke nan wasu masana a Amurka da Turai na ƙoƙarin nemo amsar a cikin ƙwaƙwalwar mai laifin. Abin da suka gano bai kai yadda ake zuzuta shi ba, amma akwai darasi a ciki da ya shafe mu kai tsaye.

Birkin da ke bayan goshi

Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke daidai bayan goshi shi ne ke auna sakamakon abu kafin a aikata shi, shi ne kuma ke danne fushi idan ya taso. Masana kan kwatanta shi da birkin mota. Shi ne ɓangaren da ke gama nuna a ƙarshe, sai mutum ya kai wajen shekara 25. Wannan na cikin dalilan da suka sa a kusan kowace ƙasa matasa maza ne suka fi yawa a laifukan sara da suka, kuma yawancinsu kan lafa da kansu idan shekaru suka ja.

Misalin da likitoci suka fi kawowa ya faru ne a jihar Virginia ta Amurka a shekarar 2000. Wani malamin makaranta mai shekara 40, wanda ba a taɓa saninsa da mugun hali ba, ya fara neman lalata da 'yar matarsa. Kotu ta same shi da laifi. Ana gobe za a yanke masa hukunci ya je asibiti da matsanancin ciwon kai, hoto ya nuna ƙari mai girman ƙwai a ɓangaren da ke saman idonsa na dama. Da aka cire ƙarin, halin ya gushe. Bayan wasu watanni halin ya dawo, aka sake dubawa aka ga ƙarin ya sake tsirowa. Aka sake cirewa, halin ya sake gushewa.

Kafin wannan, a 1997, Farfesa Adrian Raine da abokan aikinsa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 41 da ake tuhuma da kisan kai, suka kwatanta da na wasu 41 da ba su yi laifi ba. A dunƙule, wannan birki na bayan goshi ya fi rauni a rukunin masu kisan.

Na'ura a cikin tirela

Wanda ya fi kowa nisa a wannan fage shi ne Kent Kiehl na Jami'ar New Mexico. Ya sa an ɗora na'urar MRI a cikin tirela ana kai ta gidajen yari, kuma ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar dubban fursunoni.

A 2013, shi da Eyal Aharoni da wasu suka wallafa sakamakon da ya ja hankalin duniya. Sun gwada fursunoni maza 96 kafin a sake su. Kowanne yana kwance cikin na'urar, aka ba shi aiki mai sauƙi: ya danna maɓalli idan wani harafi ya fito, ya riƙe hannunsa idan wani daban ya fito. Ana haka na'urar na auna aikin wani sashe na tsakiyar ƙwaƙwalwa da ke taimakawa wajen kame kai. Bayan an bibiye su har shekara huɗu, waɗanda sashen nasu ya yi sanyi sun kusa ninka sauran wajen yiwuwar sake shiga hannun hukuma.

Lauyoyi ba su jira kimiyyar ta gama nuna ba. A 2009 Kiehl ya ba da shaida a wata kotun jihar Illinois a shari'ar Brian Dugan, wanda ya amsa laifin kashe wata yarinya, inda lauyoyinsa suka nemi sassauci bisa hujjar cewa ƙwaƙwalwarsa ta sha bamban da ta sauran mutane. Masu taya alƙali yanke hukunci sun saurara, suka kuma yanke masa hukuncin kisa, wanda ya koma ɗaurin rai da rai bayan jihar ta soke hukuncin kisa a 2011. A shekarar 2009 ɗin dai, wata kotun ɗaukaka ƙara a birnin Trieste na Italiya ta rage wa wani mai kisa shekara ɗaya bisa hujjar gwajin ƙwaƙwalwa da ƙwayoyin gado. Hujja iri ɗaya, hukunci daban-daban.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar ita ce duk waɗannan binciken suna magana ne kan rukuni. Cewa rukunin mutum 48 ya fi wani rukunin 48 komawa ga laifi bai gaya wa alƙali komai tabbatacce game da mutum ɗaya da ke tsaye gabansa ba. Akwai masu raunin birki da suka tsufa ba su taɓa marin kowa ba, akwai kuma masu lafiyayyar ƙwaƙwalwa da suka tsara kisa cikin natsuwa. Su kansu masu binciken na 2013 sun ce sakamakon bai kai a yanke wa mutum hukunci da shi ba.

Hatta hanyoyin auna hatsari da aka daɗe ana amfani da su a kotuna da asibitocin Turai da Kanada da Amurka, waɗanda jerin tambayoyi ne kan tarihin mutum da shaye-shaye da lafiyarsa, suna da iyaka. A 2012 Farfesa Seena Fazel na Jami'ar Oxford ya tattara bincike kan mutum kusan 25,000 daga ƙasashe 13. Cikin kowane mutum 100 da aka ce suna da hatsarin sake ta'asa, kimanin 41 ne suka sake. Sauran 59 da an ci gaba da tsare su a kan laifin da ba za su aikata ba. Amma cikin 100 da aka ce hatsarinsu kaɗan ne, kimanin 91 ba su sake ba.

Ma'ana, waɗannan ma'aunai sun fi iya nuna wanda za a iya saki da kwanciyar hankali fiye da nuna wanda ya kamata a ci gaba da kullewa.

Sannan akwai laifin da ba ciwo ne ya haifar da shi ba. Wanda ya tara mayaƙa, ya tsara sace ɗaruruwan yara, ya zauna cinikin fansa, birkinsa na aiki sarai. Abin da ya mayar da irin su Daudawa daji ya fi alaƙa da kuɗi da makamai da gaba da tsoron ramuwa, kuma babu na'urar da ke ɗaukar hoton waɗannan.

Tarihin da ya kamata a tuna

Mutanen Afirka na da dalili na musamman na yin taka-tsantsan, domin an taɓa amfani da sunan kimiyyar ƙwaƙwalwa a kansu.

J.C. Carothers, likitan da ya shugabanci asibitin masu taɓin hankali na Mathari a Nairobi zamanin mulkin mallaka, ya rubuta a farkon shekarun 1950 cewa ɗan Afirka mai lafiya ya yi kama da Baturen da aka yi wa tiyata aka yanke ɓangaren gaban ƙwaƙwalwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafinsa a 1953. Shekara guda bayan haka gwamnatin mulkin mallaka ta Kenya ta ɗauke shi ya rubuta mata rahoto kan 'yan gwagwarmayar Mau Mau, inda ya mayar da rikicin ƙasa da 'yanci ya zama matsalar tunanin 'yan ƙabilar Kikuyu.

A Aljeriya ma likitocin Faransa ƙarƙashin Antoine Porot sun koyar da cewa ɗan Arewacin Afirka an haife shi da saurin kisa. Frantz Fanon, wanda ya yi aikin likita a asibitin Blida, shi ne ya rusa wannan da'awa a littafinsa na 1961, inda ya nuna cewa yunwa da danniyar mulkin mallaka ne tushen abin da ake gani.

Darasin a bayyane yake. Duk ma'aunin da zai ce wane mai hatsari ne tun daga halitta, a kan talaka da bare da ƙabilar da ake zargi zai fara sauka.

Abin da ke raunata ƙwaƙwalwa a yankinmu

Inda wannan kimiyya ta fi ƙarfi shi ne wajen nuna abubuwan da ke lalata birkin tun farko. Da yawansu muna rayuwa da su.

Na farko buguwar kai. Wani nazari da ya haɗa bincike da dama a 2010 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na masu laifin da aka gwada a ƙasashen da aka yi binciken sun taɓa samun rauni a kai. A nan kuwa, ga ɗan acaɓa da ɗan kabu-kabu da ke tuƙi ba hular kwano, ga gora da ake sauke wa juna a faɗan daba. Mutum kan farfaɗo daga suma a ce ya warke, daga baya iyalinsa su lura ya zama mai saurin hasala.

Na biyu ƙwaya. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar da gwamnatin Najeriya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye a shekarar da ta gabata. Tiramadol, wanda a Nijar aka fi sani da tiramol, ya shiga har gonaki da tashoshin mota, kuma yawan shan sa na iya jawo farfaɗiya.

Na uku gubar dalma. A 2010 aka gano ta a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka mutu, dubbai suka rayu da gubar a jininsu. A birnin Cincinnati na Amurka an bibiyi yara kimanin 250 tun daga haihuwa har suka girma, kuma sakamakon da aka fitar a 2008 ya nuna waɗanda dalma ta fi yawa a jininsu suna ƙanana sun fi samun tawayar ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, sun kuma fi shiga hannun 'yan sanda kan laifukan tashin hankali.

Na huɗu tamowa. A tsibirin Morishus an bibiyi yara kusan 1,800 tun daga farkon shekarun 1970. Waɗanda ke da alamun ƙarancin abinci mai gina jiki suna shekara uku sun fi nuna halin faɗa a shekara 8 da 11 da 17. Jihar Maradi ta san wannan ciwo: a yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, akasarinsu a Maradi. Ga kuma sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, waɗanda kan bar tabo ga wasu yaran da suka tsira.

Wannan ba ya nufin yaron Bagega ko na Mayahi da ya sha tamowa zai zama mai laifi. Mafi yawansu ba za su zama ba. Binciken Morishus ɗin ma ya nuna ɗaya fuskar: yara 83 da aka ba abinci mai kyau da motsa jiki da karatu na musamman daga shekara uku zuwa biyar sun fi takwarorinsu ƙarancin aikata laifi da suka kai shekara 23.

Doka ta tanada, mari ya ci gaba

Dokokinmu sun daɗe da amincewa cewa hankali sharaɗi ne na hukunci. Sashe na 51 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a arewacin Najeriya ya ɗauke laifi daga wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi. Dokar hukunta laifuka ta Nijar ita ma ta ce babu laifi a kan wanda ba ya cikin hayyacinsa lokacin da ya aikata. A fiƙihun Malikiyya ba a yi wa mahaukaci ƙisasi, diyya ce ke hawa kan danginsa.

Sai dai kafin doka ta yi aiki, dole wani ya duba mutumin. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a arewa, irin na Kware a Sakkwato da Barnawa a Kaduna da Dawanau a Kano da na Maiduguri, suna hidimar miliyoyin mutane da likitoci ƙalilan. A Nijar sashen da aka fi sani shi ne Pavillon E na babban asibitin ƙasa da ke Yamai, tafiyar ɗaruruwan kilomita daga Tasawa.

Giɓin da aka bari, gidajen mari ne suka cike shi. A Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa. Cikin makonni aka buɗe irinsa a Daura da birnin Katsina. A Nuwamban shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta ce dubban masu larurar ƙwaƙwalwa na ɗaure a sassan Najeriya, har da cikin wasu cibiyoyin gwamnati. Iyaye da yawa da kansu suka kai 'ya'yansu, saboda sun rasa inda za su kai ɗan da ke zare wuƙa a gida.

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Aiwatar da ita a gidajen yari da ofisoshin 'yan sanda shi ne aikin da ya rage.

Maganin da aka gwada aka ga amfaninsa

Labari mai daɗi shi ne birkin na gyaruwa, kuma shaidar hakan ta fi ta hasashen hatsari ƙarfi.

A Suwidin an bibiyi fursunoni sama da 22,000 bayan sakinsu. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa a lokutan da masu taɓin hankali ke shan maganinsu, sake aikata ta'asa ya ragu da kashi 42 cikin 100. Ga masu shan maganin daina shaye-shaye kuwa, ya ragu da kashi 52.

A jihar Wisconsin ta Amurka, cibiyar Mendota da aka buɗe a 1995 na karɓar matasan da suka gagari sauran gidajen horo. Maimakon ƙara musu azaba duk sanda suka yi laifi, ana auna halinsu kowace rana, ana ba su lada nan take idan sun kyautata. Da aka kwatanta 101 da suka bi shirin da wasu 147 da ba su bi ba, manyan laifukan tashin hankali sun ragu da kusan rabi. Waɗanda ba su bi shirin ba sun kashe mutum 16 bayan fitarsu, waɗanda suka bi ba su kashe ko ɗaya ba.

Misali mafi kusa da mu daga Laberiya yake. A birnin Monrovia, wata ƙungiyar cikin gida mai suna NEPI, wadda wasu jagororinta tsofaffin mayaƙa ne, ta haɗa kai da masu bincike ƙarƙashin Christopher Blattman suka gwada shiri a kan matasa 999, cikinsu har da masu ƙwace da dillalan ƙwaya. Shirin mako takwas ne na zama cikin rukuni, ana koyon gane fushi tun yana tasowa, da jinkirta hannu, da tsara gobe. Wasu an ƙara musu dala 200. Bayan shekara goma, waɗanda suka samu horon da kuɗin sun rage laifi da tashin hankali da kusan rabi. Babu likitan ƙwaƙwalwa a ɗakin horon, babu na'ura, kuma kuɗin da aka kashe kan kowane mutum bai wuce dala 530 ba.

Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro kusa da Abeokuta cewa ana iya jinyar masu taɓin hankali a cikin ƙauye tare da danginsu, da haɗin kan masu maganin gargajiya. Tunanin jinya a cikin jama'a ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma.

Tambayoyi biyar kafin a buɗe ƙofa

Idan aka tattara, abin da ya dace da gidan kason Tasawa ko gidan yarin Kurmawa na Kano ba tirelar MRI ba ce. Abin da ake buƙata shi ne ma'aikacin jinya da aka horar, wanda zai zauna da duk wanda aka kawo kan laifin jini ya tambaye shi, ya kuma tambayi danginsa: Ya taɓa buguwa a kai har ya suma? Yana farfaɗiya? Yana jin muryoyi ko zargin ana bin sa? Me yake sha, tun yaushe? Halinsa ya sauya ne farat ɗaya, ko haka ya taso?

Wanda halinsa ya juye dare ɗaya, tare da ciwon kai ko rikicewar tafiya da magana, shi ne ke buƙatar a tura shi babban asibiti a ɗauki hoton kansa. Mai farfaɗiya da mai taɓin hankali na buƙatar maganin da ba zai yanke ba ranar da suka fita. Matashin da fushi da ƙwaya suka kai shi na buƙatar horo irin na Monrovia da sana'ar da zai kama. Jagoran 'yan bindiga da ya tsara ta'asarsa da cikakken hankali kuwa, maganarsa ta kotu ce.

Sai kuma bibiya. Abin da ya ba binciken New Mexico da Suwidin da Laberiya daraja shi ne an rubuta sunan kowa, an koma bayan shekaru an ƙirga wanda ya koma ga laifi da wanda bai koma ba. Duk gwamnatin da ta yi bikin karɓar tubabbu a Gusau ko Kano ko Diffa, haƙƙin jama'a ne su nemi ta dawo bayan shekara biyu ko biyar ta faɗi nawa ne suka zauna lafiya, nawa suka koma, kuma me aka yi wa waɗanda aka zalunta. Da wannan lissafin ne mai gari a Tchake zai samu abin dogaro ranar da aka dawo masa da ɗan garinsa.